Yadda ake gane yawan masu sana'ar kansu

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ta yaya hukuma take sanin yawan masu sana'ar kansu a Najeriya, alhali ba wanda ya taɓa sallama a ƙofar gidanku ya tambaye ka abin da kake yi. Bari in tofa albarkacin bakina, don na taɓa bin gida-gida da takardar tambayoyi a ƙauyukan Ringim da Taura. Aikin wata ƙungiya ne, ba na gwamnati ba, amma hanyar kusan ɗaya ce.

Ba kowa ake ƙirgawa ba. Mai sayen gero a kasuwar Gujungu ba ya zazzage buhu, hannu yake zurawa ya ɗebo kaɗan ya duba. Haka Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take zaɓar gidaje sama da dubu 30 a jihohi 36 da Abuja, ta yi musu tambayoyi, sannan ta kwatanta sauran da su. A rahotonta na wata uku na biyu na 2024 ta ce kashi 85.6 cikin 100 na masu aiki, kansu suke yi wa. Ka lura, cikin masu aiki aka ce, ba cikin jama'a duka ba. Ni na fi yarda da wannan kason a kan a ce mini miliyan kaza, tunda rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006.

Mudun awon ma an canza shi a 2023. A da sai ka yi awa 20 a mako za a sa ka cikin masu aiki. Yanzu awa ɗaya cikin kwana bakwai ta isa, in dai don kuɗi ko riba ka yi ta. Shi ya sa rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 a ƙarshen 2020 zuwa 4.1 a farkon 2023, ba don an buɗe wasu masana'antu ba.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne bakin zaure. Ranar da na fara, na tambayi wani dattijo ko yana aiki. Ya ce, "Ina fa, yaro, ai mu ba mu yi boko ba." Mutumin nan gonakinsa uku, yana turka shanu, duk Alhamis yana Maigatari yana dillanci. A wajensa aiki shi ne na albashi. Da na juya na ce, "Baba, mece ce sana'arka?" sai da wurin rubutu ya ƙare mini. Tun daga ranar na daina furta kalmar aiki a ƙauye.

Na mata ya fi wannan. Ka tambayi maigida, zai ce iyalinsa ba sa komai, suna cikin gida. Gaskiyarsa ya faɗa, a yadda ya fahimci tambayar. Sai abokiyar aikinmu ta shiga ciki ta fito da wani labarin daban: uwargida tana matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, amarya tana saƙar tabarma, ga awaki huɗu a turke, ga zubin adashe duk ranar kasuwa, yarinya kuma ta fita da farantin talla tun hantsi. Ayarin da ba mace a cikinsa, wallahi rabin sana'ar gari zai bari a bayan danga.

Sai lokaci. Ka je da damina, kowa manomi ne. Ka koma bayan an yi girbi, samarin sun tafi ci-rani, wasu suna noman rani a Kadawa, wasu suna dako a Dawanau. Wannan ne dalilin da ya sa aka baza tambayoyin cikin wata goma sha biyu, kuma a ganina an yi daidai.

Akwai waɗanda har yau nake kokwanto a kansu. Wanda ya noma dawa don cin gidansa kawai, sabon tsarin bai sa shi cikin masu aiki ba, gefe guda ake ajiye shi. To amma a garinmu wa ke noma bai sayar da ko tiya biyar ba idan yaro ya kwanta ciwo? Malamin firamare mai gonar riɗi, babban aikinsa ake dubawa, sai ya faɗa cikin 'yan albashi, ko da riɗin ya fi kawo masa kuɗi. Ga ɗan acaɓa da babur ɗin ba nasa ba, kullum yamma yana kai wa mai shi balas. Na tuna mun kwashe kusan awa guda a gindin wata tsamiya muna gardama da shugaban ayarinmu a kan inda za mu sa shi, yaron kuwa ya gaji da jira ya ɗauki fasinja ya yi gaba.