Magini ya ce ba sai na nemi izini ba, in yarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya. Ni mazauniyar Manchester ce a Ingila, mun sayi gida shekara biyu kenan irin wanda yake manne da na maƙwabci ta gefe ɗaya. Muna so mu ƙara ɗakin gilashi ɗin nan da suke kira konsabatari a baya, tsawon mita 3, saboda falon ya mana kaɗan ga yara huɗu kuma Hajiyarmu in ta zo tana son wajen da rana ke shiga. Masu gidan na da sun taɓa faɗaɗa kicin da mita 2, a jikinsa za a ɗora. Magini ya ce wai ba ruwanmu da kansul, wato ƙaramar hukumar gari, tunda mita 3 ne kawai, mu ba shi kafin alƙalami ya fara sati mai zuwa. Maigida ya yarda ni kuma hankalina bai kwanta ba. Dan Allah a ba ni shawara.
Daga wata 'yar'uwa, Manchester

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a gidan, ya kawo mana Hajiya babba lafiya. Kada ku ba shi ko sisi tukuna, rashin kwanciyar hankalin nan naki yana da dalili.

Maganar maginin rabinta gaskiya ce. A Ingila akwai dokar 2015 da ta yarje wa mai gida ya yi ƙananan ƙari ba tare da ya nemi izinin gini ba, kuma a wajensu ɗakin gilashi da ɗakin bulo duk hukuncinsu ɗaya. In ƙarin na baya ne hawa ɗaya, gida mai manne da wani irin naku mita 3 aka ba shi, wanda yake tsaye shi kaɗai mita 4. Tsayinsa sama kar ya wuce mita 4, in kuma ya matso iyakar maƙwabci ƙasa da mita 2 to bakin rufin kar ya haura mita 3, sannan duk gine-ginen da aka ƙara har da sito na bayan gida kar su cinye sama da rabin filin da ke kewaye da gidan.

To amma ga inda ya yi tuntuɓe, ko dai bai lura ba ko yana sauri aiki ya faɗo hannunsa. Awon nan ba daga bangon da kike gani yau ake farawa ba, daga bangon gidan na asali ne, wato yadda aka fara gina shi, ko yadda yake ranar 1 ga Yulin 1948 in ya girmi haka. Kansul ba ruwanta da cewa ba ku kuka faɗaɗa kicin ba, gidan take kallo ba mai gidan ba. Kinga mita 2 na mutanen da, ga naku mita 3, lissafi ya zama 5 kenan, kun wuce layi da mita 2 cur.

Ba wai shikenan an fasa ba. Akwai hanya ta tsakiya da aka tabbatar da ita dindindin a 2019, gida irin naku zai iya kaiwa har mita 6 amma sai an fara sanar da kansul da zanen abin da za a yi, su kuma su rubuta wa maƙwabtan da kuka haɗa iyaka, a ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, in wani ya yi ƙorafi sai kansul ta duba ko ginin zai tare masa haske ko ya takura masa, duka dai cikin kwana 42 ake gamawa. Sharaɗin shi ne ba a haƙa ko rami ɗaya kafin amsa ta fito, in an riga an fara to wannan ƙofar ta rufe, sai cikakken izini wanda ke ɗaukar kamar sati 8, kuɗinsa kuma ya tashi zuwa fam 528 a Afrilun 2025. Kafin komai ma ki tambayi kansul ko unguwarku tana cikin waɗanda aka keɓe don tarihi ko an janye wa gidanku wannan rangwamen, sababbin rukunin gidaje da yawa haka suke, ki kuma duba takardun sayen gidan ko akwai sharaɗi a ciki.

Sai abu na biyu da mutanenmu suka fi cakuɗawa, izinin gini daban ƙa'idar ingancin gini daban, ofishi biyu ne. Ɗakin gilashi yana tsira daga masu duba inganci ne in bai wuce murabba'in mita 30 ba, yana hawan ƙasa, akwai ƙofa mai ƙarfi irin ta waje tsakaninsa da sauran gida, kuma hitarsa daban take da makunninta. Gilashin da wayarin lantarki dai dole su bi ƙa'ida ko yaya ne. Na san me zai faru don na gani ba sau ɗaya ba, ana gamawa sai a ce kai ƙofar nan ta tsaya mana a tsakiya, a cire ta wuri ya zama ɗaya. Ranar da kuka cire ta hukunci ya canza, ya zama sai an zo an duba. Kuma Hajiya ki yi tunani a kan Hajiya babba da kyau. Na taɓa zama a irin ɗakin nan cikin Janairu da safe, ruwa na bin gilashi yana ɗiga a ƙasan taga, tayil kamar ƙanƙara ko da safa biyu, shayi ya huce kafin ka kai rabin kofi. A Yuli kuma sai ka rantse Sakkwato kake watan Afrilu. In don dattijuwa ta riƙa zama ta yi lazimi ne kullum, ni da ɗaki mai rufi na sosai da manyan tagogi zan yi ko da ya fi tsada, wannan ra'ayina ne.

Kar ki manta da maƙwabci. Akwai dokar bangon tarayya ta 1996, in aikin zai taɓa bangon da kuka haɗa sai an ba shi sanarwa a rubuce wata biyu kafin a fara, in haƙa tushe ne kusa da gininsa ƙasa da mita 3 kuma zai fi nasa zurfi, wata ɗaya. Amma tun kafin takarda ku ƙwanƙwasa masa ƙofa ke da maigida da zanen a hannu, kar ya fara jin labari a wasiƙar kansul, mutum in ya ji an tsallake shi sai ya yi ƙorafin da bai yi niyya ba. Ku leƙa bayan gidan ma ko akwai murfin kwata, in bututun jama'a ya bi ta nan sai kamfanin ruwa ya yarda.

Ko da ace ma aikin ya faɗa cikin wanda ba ya buƙatar izini, ku nemi satifiket ɗin kansul mai shaida cewa ginin halas ne. Ba dole ba ne amma ranar da za ku sayar da gidan lauyan mai saye zai tambaya, kuma ba zai karɓi "magini ne ya ce" ba. Ana cike fom ɗin a Planning Portal, shafin intanet na neman izinin gini.

TAMBAYA: Malam ni na riga na yi nawa ba izini, an gama bara, ya ɗan wuce awo. Wani ya ce in na yi shiru shekara 4 shikenan ya halasta. Haka ne?
Daga wani ɗan'uwa, Leeds

AMSA: Alhaji wannan tsohon zance ne. Daga 25 ga Afrilun 2024 wa'adin ya koma shekara 10 a Ingila, shekara 4 ɗin ta rage ne kawai ga ginin da aka kammala kafin wannan ranar, naka kuwa in bayan ranar aka gama shi bai shiga ba. Shekara 10 kana ɗar-ɗar duk sanda wasiƙa ta faɗo ta ƙofa ba rayuwa ba ce, kuma in kansul ta ba da umarnin gyara ko rushewa ka ƙi bi, a nan ne abin ke zama laifi na kotu. Ana karɓar neman izini bayan an yi gini, ka samu mai zanen gine-gine ya auna maka ya shigar, in ɗan wucewar kaɗan ce kuma maƙwabta ba su damu ba akwai kyakkyawan zato. Masu karatu na Sikotland da Wales ku kuma awonku da dokarku daban ne, ku tambayi kansul ɗinku.