Tambaya da Amsa: Yaya Matuƙi Yake Sarrafa Ƙaton Mutum-mutumi a Fina-finan Zane na Japan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon aikin injiniya, kuma na daɗe ina kallon fina-finan zanen nan na Japan da ake kira anime, musamman waɗanda ake gwabza yaƙi da manyan mutum-mutumi masu siffar ɗan Adam. Abin da yake ɗaure mini kai shi ne, za a nuna matuƙi yana zaune riƙe da sanduna biyu kacal, ƙafafunsa a kan feda, amma sai ka ga mutum-mutumin yana gudu, yana zare takobi, har yana ɗaukar mutum a tafin hannunsa bai murƙushe shi ba. Shin wannan abu ne da hankali zai ɗauka, ko kuwa son ran masu zane ne kawai? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma lissafi yana bayanka. Hannun mutum ɗaya, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, yana da hanyoyin motsi bakwai, ba a ma zo kan yatsu ba, alhali sandar tuƙi gaba da baya da hagu da dama kawai ta sani. Saboda haka babu yadda za a yi sanduna biyu su ba kowace gaɓa umarninta dabam. Hanya ta farko ita ce: matuƙin ba gaɓoɓi yake juyawa ba, nufinsa yake sanar da na'ura, ita kuma kwamfutar da ke ciki ta raba wa kowace gaɓa aikinta. Dubi mahayin doki. Bai taɓa gaya wa doki wace ƙafa zai fara ɗagawa ba. Linzami zai ja, ya taɓa shi da ƙaimi, dokin ne ya san yadda zai tsallake rami ba tare da ya kife ba.

A kan wannan tunani aka gina Mobile Suit Gundam, wanda Yoshiyuki Tomino ya ba da umarninsa a 1979. Mutum-mutumin da ke cikinsa tsayinsa mita 18 ne, mazaunin matuƙi yana cikin gangar jikinsa, kuma an ce yana ɗauke da kwamfuta mai koyo wadda take adana kowane motsi da aka yi a fagen fama, ta yadda duk karawar da matashin matuƙinsa Amuro Ray ya yi tana ƙara wa na'urar ƙwarewa. Idan ya tura sanda gaba, ma'anarsa a je gaba. Tsawon taku, da lanƙwasar gwiwa, da yadda za a rarraba nauyi a kan ƙasa mai gangara, duk aikin kwamfuta ne. Ɗaukar mutum a tafin hannu ma haka yake, domin na'urorin auna matsi da ke yatsun su ne za su tsayar da damƙar kafin ta yi ɓarna. Kada ka ɗauka wannan almara ce zalla. Jirgin yaƙin Amurka F-16, wanda ya fara tashi a 1974, da gangan aka ƙera shi ba ya iya daidaita kansa a sama, kwamfuta ce take gyara fikafikansa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, matuƙi kuwa inda yake son zuwa kawai yake nunawa. A ganina wannan ce hanyar da ta fi kusa da gaskiya a cikin duk waɗanda aka zana.

Kafin Gundam ba a cika damuwa da irin tambayarka ba. A Tetsujin 28-go na Mitsuteru Yokoyama, wanda ya fara fitowa a takarda a 1956, yaro ne yake tsaye a waje da akwatin sarrafawa a hannu. Mazinger Z na Go Nagai, a 1972, shi ne ya shahara da shigar da matuƙi ciki, inda ɗan ƙaramin jirginsa yake sauka a ƙoƙon kan mutum-mutumin.

Hanya ta biyu ita ce kwaikwayon jiki. A G Gundam na 1994 babu kujera. Matuƙi yana tsaye sanye da matsattsiyar riga mai na'urori, idan ya kai naushi mutum-mutumin ya kai, idan ya durƙusa ya durƙusa. A ido wannan ta fi sauƙin fahimta, amma a nan ne girma yake kawo cikas, kuma tun da kai ɗalibin injiniya ne bari mu tsaya mu yi lissafin. Idan ka ninka tsayin mutum sau 10, nauyinsa zai ninku sau 1,000, amma ƙarfin ƙafar da za ta ɗauki nauyin sau 100 kawai zai ninku, ƙa'idar da Galileo ya bayyana tun 1638. Bayan haka, doguwar ƙafa a hankali take lilo. Wadda ta ninka ta mutum sau 10 tana buƙatar lokaci fiye da ninki uku kafin ta kammala taku ɗaya. Ke nan matuƙi zai gama kai naushinsa hannun ƙarfen bai ko kai rabin hanya ba, kuma idan ya yi ƙoƙarin gyara tsayuwa da saurin da jikinsa ya saba, shi da kansa zai kayar da na'urar. An taɓa gwada irin wannan a zahiri. A shekarun 1960 kamfanin General Electric ya ƙera wata mota mai ƙafafu huɗu wadda direba yake motsa na gaba da hannuwansa, na baya da ƙafafunsa. Ta yi tafiya, amma gajiya ba ta barin direban ya daɗe a kai.

Inda kwaikwayon jiki ya yi nasara shi ne a aikin hannu. Tun 2024 kamfanin jirgin ƙasa na JR West a Japan yake amfani da wani mutum-mutumi mai kai da hannuwa biyu da aka ɗora a kan mota, yana sare rassan itatuwa yana fenti a saman layin dogo. Ma'aikacin yana zaune a cikin motar sanye da tabarau mai nuna masa abin da idanun na'urar suke gani, idan ya waiga ta waiga, kuma nauyin abin da ta ɗauka yana dawowa hannunsa ta sandunan da yake riƙe da su. Amma ka lura, ba a ba ta ƙafafu ba.

Hanya ta uku, wato haɗa na'ura da jijiyoyin matuƙi, ita ce ta fi taɓa mini zuciya. A Neon Genesis Evangelion na Hideaki Anno, 1995, ana zura yaro ɗan shekara 14 cikin wani dogon bututu mai cike da ruwa, a cusa bututun ta bayan wuyan ƙaton, sannan a auna yadda tunaninsu ya dace. Gwargwadon dacewar, gwargwadon biyayyar da ƙaton zai yi masa, kuma gwargwadon zafin da yaron zai ji. A karawar farko, da aka karya hannun ƙaton, yaron ya damƙe nasa hannun yana ihu duk da ƙashinsa lafiya lau yake. Iron-Blooded Orphans na 2015 ya ƙara tsananta lamarin, domin a can marayu ake yi wa tiyata a dasa musu mahaɗi a ƙashin baya, kuma jarumin labarin yana rasa amfanin sassan jikinsa ɗaya bayan ɗaya saboda yawan abin da na'urar take ɗora wa ƙwaƙwalwarsa. Waɗanda suka tsara waɗannan labarai ba sauƙin tuƙi suke nema ba. Tambaya suke yi game da manyan da suke tura yara yaƙi su kuma su zauna a bayan allo, kuma na fi son mai kallo ya riƙe wannan fiye da ƙyalƙyalin takubba. A duniyarmu abin da aka cim ma a wannan fanni na jinya ne: a 2012 masu bincike a Amurka suka ba da rahoton wata mata da jikinta ya shanye wadda ta sarrafa hannun ƙarfe da tunaninta, ta kai kwalbar kofi bakinta ta sha. Tsakanin wannan da gudu da ƙaton ƙarfe akwai tafiya mai nisa, musamman da yake aika umarni daga ƙwaƙwalwa ya fi sauƙi a kan mayar mata da jin taɓawa da jin tsayuwa.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba amma ya shafi amsar, wato lafiyar wanda ke ciki. Mazaunin da ke ƙirjin na'ura mai mita 18 ya haura mita 10 daga ƙasa, kowane taku girgiza ne, faɗuwa ɗaya kuwa ta isa ta halaka mutum. Zeta Gundam na 1985 ya yi ƙoƙarin magance wannan da kujera mai shanye jijjiga a tsakiyar allo mai kewaye da matuƙi ta ko'ina. Gundam mai cikakken tsayi da aka nuna yana motsi a Yokohama daga ƙarshen 2020 zuwa Maris na 2024 ma, a hankali yake ɗaga ƙafa, kuma wani ginshiƙin ƙarfe ne yake riƙe da shi ta ƙugu.

Da za a ce yau a zauna a tsara irin wannan na'ura, ni zan bar wa kwamfuta ƙafafu da daidaiton tsayuwa baki ɗaya, in ba matuƙi feda don sauri da juyawa, kan na'urar ya bi waigensa, hannuwan kuma su kwaikwayi nasa a lokacin aiki mai laushi kawai, tare da rage saurinsu zuwa abin da ƙarfen zai iya ɗauka. Idan kana son ka gwada da hannunka, fara da ƙaramin mutum-mutumi mai ƙafa biyu da bai wuce tsawon kamu ɗaya ba, ka rubuta masa manhajar da za ta hana shi faɗuwa idan an ture shi, domin a nan mafi yawan wahalar aikin take.