Tsohuwar Furosesar Saba a Kwamfutar Gida: Tambayoyinku da Amsoshinsu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata tace bidiyon biki a Kano, laftof ɗina kuma ya gaji. Na ga ana tallar Xeon E5-2680 v4 a AliExpress haɗe da madabod da RAM, a farashin da ya ba ni mamaki. Wai ƙwayoyin aiki 14 gare ta. Gaskiya ne, ko dai damfara ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba damfara ba ce. Intel ta fitar da wannan furosesa a 2016 domin manyan kwamfutocin kamfanoni da ake kira saba, kuma a lokacin kuɗinta ya haura dala 1,700. Abin da ya karya farashinta shi ne cibiyoyin ajiye bayanai kan sauya injinansu bayan 'yan shekaru, su zubo tsofaffin kasuwa da dubbai. Furosesa kuwa ba ta cika mutuwa ba, bod ne ke mutuwa. Sai furosesoci suka yi yawa, bod mai kyau ya yi ƙaranci.

Sai dai yawan ƙwaya (core, wato ma'aikatan da ke raba aiki a cikin furosesa) ba shi ne sauri ba. Idan gona ce, mutum goma sha huɗu kowa ya kama kunyarsa, kafin azahar an tashi. Idan rijiya ake haƙa, mutum ɗaya ne a cikin rami, sauran suna baki suna kallo. Fitar da bidiyo bayan an gama tacewa aikin gona ne, ƙwayoyin nan duk za su yi gumi. Amma jan hoto gaba da baya lokacin da kake yanka, buɗe manhaja, yawancin aikin Photoshop da wasannin gem, duk sun fi dogara da ƙarfin ƙwaya guda. A nan E5-2680 v4 tana tafiya ne a 2.4 GHz, iyakarta 3.3, da ƙirar da ta tsufa. Furosesar AMD Ryzen 5 5600 mai ƙwaya 6 kacal za ta bar ta a baya a irin wannan aiki, ga shi wat 65 aka ƙiyasta mata, ita kuwa Xeon ɗin wat 120.

Ka kuma sa kuɗin katin girafik a lissafinka, domin waɗannan Xeon ba su da girafik a cikinsu. Ba kati, ba hoto a allo. Ni a ganina, in kuɗinka zai kai Ryzen da bod na B450 ko B550, can za ka fi jin daɗin aikinka. In bai kai ba, ko kana son RAM mai yawa, Xeon ɗin ba asara ba ce.

Tambaya: Malam, bod ɗin China masu suna X99 sun yi yawa, Huananzhi, Machinist, Jingsha. Wanne zan ɗauka? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da soket, wato gurbin da furosesa ke zama a jikin bod. Xeon E5 na v1 da v2 suna hawa LGA 2011 ne, da RAM na DDR3. Na v3 da v4 suna hawa LGA 2011-3. Sunayen sun yi kama, amma wannan ba ta shiga gurbin waccan, in ka matsa kuma filoli za su lanƙwashe. Kar ka sayi v1 ko v2 yanzu komai arharsu, ba su da umarnin AVX2 da sababbin manhajoji da dama ke nema.

Sunan X99 da ke jikin kwali sau da yawa suna ne kawai. Da yawa daga bod ɗin nan an haɗa su ne da cifset (guntun da ke haɗa sassan bod) da aka ciro daga tsofaffin bod, wani lokaci B85 ko H81 na kwamfutar tebur. Suna aiki, amma akan samu matsala wajen yanayin barci da karanta zafin injin. Abu biyu nake dubawa. Na ɗaya, furosesar tana da hanyoyin RAM huɗu, amma wasu ƙananan bod suna da rami huɗu alhali hanya biyu kawai aka ja musu waya. Ka tambayi mai sayarwa, ka karanta bayanan waɗanda suka saya. Na biyu, ka kalli jerin ƙananan baƙaƙen tubalan da ke gefen soket, masu daidaita wutar da furosesa ke sha. In babu ƙarfen sanyaya a kansu, bar shi. A zafin Afrilu na Arewa, ɗaki ba AC, furosesa mai wat 120 tana aiki awa uku, nan ne bod zai fara rage gudu da kansa ko ya ƙone.

Akwai hanyar da na fi so, wadda mutane ke rainawa saboda ba ta da fitilu masu launi: ka nemi HP Z440 ko Dell Precision T5810 na hannu, a Beirut Road ta Kano ko Computer Village ta Ikeja. Soket ɗinsu shi ne dai LGA 2011-3, cifset C612 na asali, ramin RAM takwas, da fawa fak da fanka da aka ƙera domin aiki dare da rana. Sharaɗi biyu: a sabunta BIOS, manhajar da ke tayar da bod, da tsohuwar furosesar kafin a sa v4, sannan ka duba ƙarfin fawa fak. Z440 na zuwa da wat 525 ko 700. In za ka sa katin girafik babba, na 700 kake nema, domin mahaɗin wutarsu ba irin na kasuwa ba ne da za ka canza cikin sauƙi.

Batun RAM: duba takardar da ke liƙe a jiki. In ka ga PC4-2400T-R, wannan R ɗin na saba ne, Xeon na karɓarsa, amma ba zai tashi a bod ɗin Ryzen ko Core ba, kuma ba a gauraya shi da mai U, wato na kwamfutar tebur, a inji ɗaya.

Tambaya: Ina koyon Linux da harkar netwok, ina so in riƙa tayar da kwamfutoci goma ko fiye a cikin inji ɗaya da manhajar Proxmox. An ba ni shawarar EPYC, furosesar saba ta AMD. Daga wata 'yar'uwa a Abuja.

Amsa: Malama, ke ce ainihin mai wannan kaya. EPYC 7302P ta 2019 tana da ƙwaya 16, hanyoyin RAM takwas da layukan PCIe 128 na haɗa katuna da SSD. Furosesar kan yi sauƙi, bod ɗin ne ke cin kuɗi. Supermicro H11SSL-i ne aka fi haɗa ta da shi, amma sai wanda aka rubuta Rev 2.0, na farkon yana ɗaukar jerin 7001 ne kawai.

Tarkon da ya fi cin mutane shi ne kulle. EPYC da ta taɓa aiki a wasu sabobin Dell ko Lenovo takan ɗaure kanta da wannan kamfani har abada, ta ƙi tashi a kowane bod na daban, kuma ba mai gyaran da zai buɗe ta. Ki sa mai sayarwa ya rubuta miki cewa ba a kulle take ba, ko ki sayi furosesa da bod a haɗe, an gwada su tare. Wajen ɗaura furosesar a soket, kusoshi uku ne masu lamba 1, 2, 3, da sukudireba T20. In ba a bi jerin ba ko ba su ɗauru sosai ba, sai ki ga wasu ramukan RAM sun ɓace. In kin kunna kuma allo ya yi minti ɗaya ko biyu baƙi, kar hankalinki ya tashi, haka bod ɗin saba yake.

Tambaya: Bod mai furosesa biyu fa, ƙwaya 28? Sola da inbata nake amfani da su a Sakkwato.

Amsa: Yi lissafin wuta tukuna. Injin da ke jan wat 100 ba dare ba rana yana cin yunit 2.4 a kullum, 72 a wata. Ga wanda ke Band A na wutar NEPA, a farashin 2024 na naira ɗari biyu da ɗoriya kowane yunit, wajen naira 15,000 ke nan a wata. Mai furosesa biyu yakan kai wat 100 ɗin ko yana zaune ba aiki, in ya kama aiki da katin girafik ya doshi wat 400. Batir mai 12V 200Ah yunit 2.4 ne a takarda, kuma rabinsa ya kamata ka taɓa in kana son ya daɗe. Awa uku, ya sauka. Ɗauki furosesa ɗaya, ka sa rarar a RAM da SSD.

Tambaya: Windows 11 zai hau Xeon E5?

Amsa: Ba sa cikin jerin furosesocin da Microsoft ta amince da su, kuma ta rufe tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ana tsallake binciken furosesa da Windows 11 ke yi da manhajar Rufus ya hau, ya kuma yi aiki, amma babu alkawarin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa. In saba ce za ka haɗa, sa Proxmox ko Ubuntu, waɗannan ba ruwansu da jerin.