Tambaya Da Amsa: Ya Mota Ke Sanin Hanya In GPS Ya Ɗauke?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. In mota ta shiga hanyar ƙarƙashin ƙasa ai siginar tauraron ɗan adam ba ta kaiwa can, amma sai na ga kibiyar taswira na cigaba da tafiya har tana shan kwana, muna fitowa kuma sai ta yi tsalle ta gyara zama. Me ke jawo haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya tambayar nan ta min daɗi. Akwai wata 'yar na'ura a motar, jairoskop, ƙaramar gaske, ba ta kai farcen yatsa ba. Ita ba ta san inda kake ba sam, abu ɗaya take aunawa, saurin juyawar mota, digiri nawa a sakan. A cikinta akwai ɗan ƙanƙanin silikon dake karkarwa sau dubbai a sakan ɗaya, da mota ta sha kwana sai karkarwar ta ɗan karkace gefe, irin ƙarfin nan da Coriolis ɗan Faransa ya yi bayani a 1835, karkacewar nan ce ake maidawa siginar lantarki.

To anan aikin yake, dan siginar na fitowa ne a raunane kuma cakuɗe da hayaniya, girgizar inji, gargadar titi, duk suna ciki. Sai an ƙara mata ƙarfi, a tace ta, a maida ta lambobi, sannan kwamfutar motar ta riƙa tara lambobin sau ɗari ko fiye a kowane sakan dan ta san ina aka fuskanta, ta haɗa da ƙirgen juyin taya daga sensar birkin ABS, tsarin dake hana taya kullewa in an taka birki, ta fidda nisan da aka ci.

Matsalar tarawa itace kuskure ma taruwa yake. A ce na'urar na ƙara digiri 0.1 a sakan alhali mota miƙe take, kaga a minti ɗaya ya zama digiri 6, in kuwa ka tafi kilomita 1 da wannan karkata ka kauce da kusan mita 100. Zafi da sanyi kuma suna canza kuskuren, shi yasa ake haɗa ta da ma'aunin zafi. Dabarar da ta fi burge ni wallahi itace ta tsayuwa, duk sanda mota ta tsaya cak, kwamfuta ta san ba a juyawa, to duk abinda jairoskop ya nuna a lokacin kuskure ne zalla, sai ta riƙe shi ta dinga cirewa.

Mai sasanta su duka shine lissafin da Rudolf Kalman ya fitar a 1960, wanda akai amfani dashi a kumbon Apollo mai zuwa duniyar wata. Yana auna wa za'a fi yarda dashi a kowane lokaci, in GPS na da ƙarfi ya gyara jairoskop, in ya ɗauke sai a jingina da jairoskop da taya da zanen titin dake taswira. Tun 1981 ma Honda ta fito da na'urar nuna hanya a mota mai suna Electro Gyrocator, babu GPS ko kaɗan, da jairoskop mai iskar hiliyam yake aiki.

Tsallen da ka gani kuskuren da ya taru ne a ciki aka goge lokaci guda da sigina ta dawo. In ƙarami ne ba komai. In kullum babba ne, musamman bayan an canza girman taya, ka sa a sake saita na'urar.