Amsar tambayar ƙanena kan kamfanonin fasaha a Faransa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da dare. Ƙanena, na ji tambayarka tun ɗazu, ina cikin jirgin ƙasa ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce wai da gaske ne a Faransa gwamnati ke raba wa matasa kuɗi su kafa kamfanin fasaha?

To, gwamnati na da hannu, ba musu. Akwai bankinta Bpifrance mai ba da rance da tallafi, akwai kuma shirin La French Tech tun 2013, mai tambarin jan zakara. Amma ba rabo ake yi ba, sai an ga abin da ka riga ka haɗa.

Ni wallahi abin da ya fi tsaya min a rai ma ba na gwamnati ba ne. Wani attajiri ne, Xavier Niel, mai kamfanin sadarwa na Free. A 2013 ya buɗe makarantar koyon rubuta manhaja a Paris da kuɗin aljihunsa, sunanta 42. Ba a biyan ko sisi, ba a neman takardar digiri, kai, malamai ma babu. Wajen wata guda ake gwada ka, suna ce wa gwajin piscine, wato kamar a jefa ka cikin tafki a ga ko za ka iya iyo. Ɗalibai su ke duba aikin junansu. Bai tsaya nan ba, a 2017 ya mayar da wani tsohon ma'ajiyar kayan jirgin ƙasa Station F, murabba'in mita 34,000, ƙananan kamfanoni wajen 1,000 a rufi ɗaya. Ranar da na fara shiga sai da jikina ya yi sanyi, yara ne sa'anninka, kowa ya duƙufa.

Ka kuma dubi BlaBlaCar. Frédéric Mazzella ya rasa kujera a jirgin ƙasa lokacin Kirsimetin 2003, a hanya ya ga motoci na wucewa daga direba sai kujeru fanko. Daga nan tunanin haɗa mai mota da fasinja ya zo, a 2006 aka kafa kamfanin. Matsalar ya fara gani, kuɗin daga baya suka biyo.

Saboda haka manhajar nan da ka ce ka fara, turo min ko rabi ce. Zan zauna in duba ranar Asabar in Allah ya kai mu. Ka gaida su Inna.