Tambaya da Amsa: Mun sa hular kwano, me kuma ya rage?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni foman ne a wajen ginin bene, akwai magina da kafintoci da leburori a ƙarƙashina. Ɗan kwangilar ya sayo wa kowa hular kwano da riga mai ƙyalli da takalmin sefti, amma da jami'in duba wurin aiki ya zo sai yace a tsayar da aikin sama, wai sikafol ɗinmu, wato dandamalin da ake hawa don aikin sama, ba shi da kariya a gefe kuma babu takardar dubawa. Shin wannan ba takura ba ce kawai, tunda kowa na sanye da kayan sefti?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Toh gaskiya jami'in nan ya yi daidai, kuma ina so ka tsaya ka duba da kanka, hular kwano tana kare kai ne daga bulo ko guduma da ta suɓuto daga sama, amma mutumin da ƙafarsa ta zame daga hawa na uku ya faɗo kan rodi, me hular zata yi masa? Faɗowa daga sama ita ce kan gaba wajen kashe ma'aikatan gini, sauran su ne abu ya buge mutum, shokin lantarki, da rami ya rufta ko inji ya matse shi.

Masu wannan fanni suna da tsari da suke bi, kuma kayan sawa su ne na ƙarshe a ciki. Da farko ana duba ko za a iya kawar da haɗarin gaba ɗaya, misali a haɗa abin a ƙasa kafin a ɗaga shi, in bai yiwu ba sai a sa abin da zai kare kowa lokaci ɗaya kamar ƙarfen kariya a gefen sikafol da katakon da ke tare ƙafa da kayan aiki, sannan tsarin aiki da horo, sai a zo kan hula da bel ɗin da ake ɗaurawa a jiki don tare faɗowa. Shi ma bel ɗin in ba a ɗaure shi a wani abu mai ƙarfi ba ai ado ne kawai.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa amma hanyarsu ɗaya ce. A Amurka hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata, wato OSHA, tana so a yawancin ayyukan gini a sa kariya da zarar ma'aikaci ya kai tsayin ƙafa 6, wato kusan mita 1.8. A Ingila dokar aiki a sama ta 2005 ta ce a duba sikafol kafin a fara hawa, a sake dubawa duk kwana 7, haka kuma bayan iska mai ƙarfi ko an canza masa wani abu, kuma a rubuta. Takardar da kake gani kamar ɓata lokaci ita ce ke tilasta wani ya je ya taɓa ƙarfen da hannunsa ya ga ko ƙulli ya kwance ko katako ya tsage, kuma ranar da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, kai foman za a fara tambaya. Ka gyara sikafol ɗin, kuma kowace safiya ka tara mutanenka minti biyar zuwa goma ku yi maganar aikin ranar da inda haɗarinsa yake.

TAMBAYA: Malam ni lebura ne, ana sa mu shiga rami mai zurfi ba tare da an tokare gefensa ba, kuma an cire kuɗin hula daga albashinmu. Ya zan yi?

AMSA: Ɗan uwa kar ka shiga wannan ramin. Ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya ɗaya nauyinta ya wuce tan guda, in ta rufto ko a ƙirji ta tsaya numfashi zai gagara, kuma bata sallama musamman bayan ruwan sama. A ƙa'idar OSHA ramin da ya kai ƙafa 5 dole a tokare shi ko a kwantar da gefensa sai dai in dutse ne zalla, ƙasar da aka haƙo a ja ta baya aƙalla ƙafa 2 daga baki, a kuma sa tsani kusa.

Maganar hula kuwa, yarjejeniya mai lamba 167 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1988 ta ce wanda ya ɗauki ma'aikata ne zai ba da kayan kariya kyauta, ta kuma ba ma'aikaci dama ya janye daga wurin da yake ganin ransa na cikin haɗari ya sanar da shugabansa nan take. Ba kowace ƙasa ce ta sa mata hannu ba, don haka ka tambayi ofishin ƙwadago ko ƙungiyarku abin da dokarku ta ce. Ku haɗu ku da yawa ku yi wa foman magana tare, ya fi a ce kai kaɗai ne, kuma ku ɗauki hoton ramin a waya kafin ku je.