Tambaya da Amsa: Wasa a Aji, Kacici-kacici da Dara

Wata malamar firamare daga Garwa a Kamaru ta ce shugaban makarantarsu ya hana kacici-kacici a aji, wai ɓata lokaci ne. Tana tambaya: shin "wasa ƙwaƙwalwa" wasa ne kawai?

Malama, kalmomi biyu ne rubutun boko ya haɗe, don ba ma sa alamar karin sauti. Akwai wasa na yara, murya ta fara ƙasa ta hau. Akwai wasa na wuƙa, ta fara sama ta sauko. Na biyun ne a "wasa ƙwaƙwalwa", wato a yi wa hankali kaifi. Masu rubuta "wasan ƙwaƙwalwa" su suka jawo ake raina abin, kuma da sun saurari bakinsu da ba su ƙara wannan "n" ba.

Amma in kika sake shi haka kawai, shugaban zai yi gaskiya. Ki ware minti 10 a ƙarshen darasi, ki raba aji layi-layi. Kada a amsa da baki. Kowane layi ya rubuta a allo, a ɗaga tare, in ba haka ba masu baki uku za su cinye filin. Amsa kaɗai ba ta isa ba. In aka ce "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" suka ce tsintsiya, sai su nuna ina shanun, ina maɗaurin. Nan karatun yake. Al'adar ba da gari kuma kada ki yar da ita: layin da ya kasa ya ba da gari, ya faɗi jiharsa da koginsa, Garwa da Binuwai, Kusiri da Logon. Yaran da Fillanci suke yi a gida kan yi tsit, to su kawo nasu su fassara wa aji. Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ma ta ambaci bunƙasa harsunan ƙasa, ki tuna wa shugaban cikin ladabi.

Wani ɗan'uwa daga Njamaina: me ake nufi da "dara ta ci gida", kuma dara za ta shiga aji?

Ana faɗa in abu ya juyo kan na gida. Shiga kuwa za ta shiga. Gurbi 30 ne, layi 5 sau 6, ga lissafin sau tun kafin a fara. Kowa 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan guntayen kara. Lokacin zubi ba a jera uku; sai an fara tafiya, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa ɗaya, jerin huɗu ba ya ci. Yara su haƙa guraben da kansu a ƙasa. Matsalar ita ce 'yan kallo masu ba da satar amsa, don haka a zauna huɗu-huɗu: biyu na bugawa, biyu na rubuta ci.

Daga Marwa: "wasa farin girki" fa?

Somin taɓi ke nan, babban abu na tafe.

Wani kuma: wasan yara ko wasar yara?

Kano ta ce wasan, Sakkwato ta ce wasar. Duk Hausa ce, sai dai ka riƙe ɗaya a rubutu guda.